Gani Ya Kori Ji? Tambaya a Kan Saƙon da Hanya Ta Gurɓata

Hausawa sun daɗe da raba gardama tsakanin ido da kunne da suka ce gani ya kori ji, kuma suna da hujja, domin abin da aka ji ya ratsa bakunan mutane kafin ya iso, alhali abin da aka gani ana ɗaukarsa tamkar babu shamaki tsakaninsa da mai kallo. Sai dai akwai wani fanni na aikin injiniyoyin lantarki da ya jefa wannan hukunci cikin tsaka mai wuya, wato gwajin saƙonnin da ke gudu da matsanancin sauri a cikin kwamfuta da wayar hannu da manyan rumbunan ajiyar bayanai, inda mai gwaji yake zura wa allon na'urarsa ido ya ga hoto tsaf, alhali abin da ya shigo na'urar a dagule ya shigo, lissafi ne ya warware shi kafin a nuna masa. Tambayar da ke tasowa daga nan tsohuwa ce, domin malaman hadisi da masu kwafar littattafai sun shafe ƙarnoni suna fama da ita: idan saƙo ya gurɓata a hanya, sannan wani masani ya gyara shi bisa abin da ya sani game da hanyar, shin abin da ke hannunsa maganar mai aikowa ce, ko kuwa zatonsa ne ya sanya wa rigar gaskiya?

Mazauna unguwannin Zango na birnin Akra sun fi mutane da yawa cancantar yin wannan tambaya, saboda al'umma ce da ta ginu a ƙarshen doguwar hanya. Harshen da ake ciniki da wa'azi da shi a Nima da Mamobi, da littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, da labarin dangi, duk sun biyo hanyar fataken goro da ta haɗa Kano da Katsina da Salaga, sannan suka gangaro gaɓar teku, har sunan birnin kansa ya sauya a bakin tsofaffi ya koma Ankara. Nima ta fara cika ne a shekarun 1930, bayan da Malam Amadu Futa ya sami fili daga iyalan Odoi Kwao na Osu, kuma a daidai wannan zamani ne, a shekarar 1935, gwamnan mulkin mallaka Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY, wadda take kamo shirye-shiryen BBC ta rarraba su gidaje ta wayar ƙarfe. Magajiyar wannan tasha, wato gidan rediyo da talabijin na ƙasa GBC, wanda Hausa na cikin harsunan da yake watsa shirye-shirye da su, yana zaune a Kanda, ba nisa da Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021. A yau kuwa saƙon da ya fito daga ɗan uwa a Jamus ko Makka yana biyo igiyoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, amma farkonsa da ƙarshensa dole ya bi ta wasu siraran layukan jan ƙarfe da ke kan allon na'ura, kuma a wannan ɗan gajeren zango ne matsalar da ake magana take aukuwa.

Bayanan da na'urori ke musaya jerin ƙwayoyi ne da ake kira bit, kowace ƙwaya ko ɗaya ce ko sifiri, kuma ana aika su ne ta hanyar ɗaga ƙarfin lantarki da sauke shi a kan layi guda, wata na bin wata kamar raƙuman ayari. A ƙa'idar haɗa sassan kwamfuta da ake kira PCIe, zubi na uku da ya fito a 2010 yana tura ƙwayoyi biliyan 8 a kowace daƙiƙa a kan layi ɗaya, zubi na biyar na 2019 kuma biliyan 32, wanda ke nufin lokacin da aka ware wa kowace ƙwaya ya gajarta har haske kansa ba ya cika tafiyar santimita ɗaya a cikinsa. A irin wannan sauri jan ƙarfe yana daina yi wa lantarki biyayya. Lantarkin da ke saurin sauyawa yakan ƙaurace wa cikin ƙarfen ya koma bin fatarsa kawai, sai hanyar ta ƙuntata. Kayan da aka yi allon da su suna shanye wani kaso su mayar da shi zafi. Sannan a duk mahaɗar da faɗin hanya ya sauya, wani kaso yana komawa baya ya sake dawowa a makare. Abin lura shi ne asarar ba ta faɗa wa sassan sigina daidai wa daida, domin sassan da ke kaɗawa da sauri, waɗanda su ne ke ba kowace ƙwaya kaifin gefe, sun fi shan wuya, har ƙa'idar zubi na biyar ta yarda hanya ta rage su zuwa abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na girmansu na asali ba.

Sakamakon haka shi ne kowace ƙwaya tana miƙewa ta zuba a cikin lokacin waɗanda ke biye da ita, abin da za a iya kira cuɗanyar alamomi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahun baya a masallaci mai babbar kubba ya san wannan da kunnensa, domin amsa-kuwwar gaɓar da liman ya riga ya furta tana nan tana yawo a lokacin da sabuwar gaɓa ta iso, sai su hau kan juna, kuma gwargwadon saurin karatun, gwargwadon cakuɗewarsa. Ƙara wa lasifika murya ba ya magance wannan, don yana ɗaga amsa-kuwwar tare da muryar. An koyi wannan darasi da tsada a 1858, lokacin da aka shimfiɗa igiyar tangaraho ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, inda saƙon Sarauniya Biktoriya mai kalmomi 98 ya ɗauki kimanin awa 16 kafin a gama karɓarsa, kuma jami'in lantarki na kamfanin, Wildman Whitehouse, ya yi ta dirka wa igiyar wuta mai ƙarfi har ta mutu cikin 'yan makonni, alhali William Thomson ya riga ya nuna cewa maganin yana wajen fahimtar yadda igiya ke jinkirta sigina da kuma ƙera na'urar karɓa mai saurin ji. Daga nan ilimin ya bi ta hannun Oliver Heaviside, da Harry Nyquist wanda ya fayyace sharaɗin kauce wa cuɗanyar alamomi a 1928, har zuwa Robert Lucky na ɗakunan binciken Bell a Amurka, wanda a 1965 ya samar da madaidaici, wato na'urar warware ɓarnar hanya, mai auna hanya da kansa ya gyara saitinsa.

Na'urar da ake duba wannan lamari da ita sunanta osiloskof, kuma aikinta shi ne ta zana hawa da saukar lantarki a kan allo yadda ido zai gani. Asalinta yana komawa ga bututun da Karl Ferdinand Braun ya ƙera a Jamus a 1897, amma irin wadda ke iya kama sigina mai wannan gudu, ta kamfanoni kamar Tektronix da Keysight, kuɗinta yana kaiwa ɗaruruwan dubban daloli, shi ya sa ake samunta a ɗakunan gwajin masu ƙera kaya, mai gyaran waya a bakin titin Nima kuwa ya gaji sakamakon gwajin ne kawai a cikin kayan da ke kan teburinsa. Mai gwaji yakan yanyanka siginar gunduwa-gunduwa daidai da lokacin kowace ƙwaya, ya ɗora dubban gunduwoyin a kan juna, sai layukan su bar wani fili a tsakiya mai kama da ido, wanda tsayinsa ke nuna tazarar da ke tsakanin ɗaya da sifiri, faɗinsa kuma ke nuna sararin lokacin da mai karɓa yake da shi don yanke hukunci. Idan idon a buɗe yake, saƙo zai karantu. A ƙarshen doguwar hanya mai sauri kuwa idon a rufe yake ruf, babu abin da ake gani sai hazo, amma duk da haka na'urar da aka jona a wurin tana aiki lafiya, saboda a cikin ɗan guntun lantarkin da ke karɓar saƙon akwai madaidaici, wato sashen da ke warware ɓarnar hanya kafin a yanke hukunci. Wannan wuri yana can cikin guntun inda babu tsinken gwaji da zai kai, don haka dole osiloskof ta kwaikwayi madaidaicin da lissafi, ta nuna idon da take ƙiyasta cewa mai karɓa yana gani.

Daidaitawar iri uku ce a aikace. Na farko, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan CTLE, yana danne sassan sigina masu jinkirin kaɗawa ya ɗaga masu sauri don ya rama abin da hanya ta ci, kuma aibinsa shi ne yana ɗaga hayaniya tare da su. Na biyu, FFE, yana haɗa siginar da wasu kwafinta da aka ɗan jinkirta aka rage musu nauyi, kuma sau da yawa mai aikawa ne ke yinsa tun kafin saƙo ya tashi, kamar yadda gogaggen mai wa'azi ke ƙarfafa farkon kalma ya sassauta jelarta idan ya san ɗakin yana da amsa-kuwwa. Na uku, DFE, shi ya fi jan hankali ga mai tunani, domin yana dogara ne da hukuncin da ya riga ya yanke: idan ya yanke cewa ƙwayar da ta wuce ɗaya ce, sai ya ƙiyasta ragowar da ta bari, ya ɗebe shi daga ƙwayar da ke gabansa. Ba ya ƙara hayaniya, amma idan hukuncin baya kuskure ne, to gyaran da zai yi wa na gaba shi ma ɓarna ce, sai kuskure ya haifi kuskure. Mai karanta Hausa yana yin wannan aiki kullum ba tare da ya lura ba, saboda rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma idan ya ci karo da jimlar da ta ce sun ci gari, abin da ya fahimta daga layukan baya ne zai gaya masa ko mayaƙa ne suka kame birni ko kuwa mayunwata ne suka afka wa garin rogo. In ya ɓata tun a baya, zai ci gaba da karanta labarin yaƙi a inda ake labarin yunwa, yana jin komai ya zauna daidai.

Dalilin da ya sa gyara yake yiwuwa tun farko shi ne ɓarnar hanya tana da ƙa'ida, ba kamar hayaniya ba wadda ba ta da tsari. Kalmomin Larabci da suka shigo Hausa sun nuna wannan sarai, domin harafin nan na ض mai wuyar furuci da Larabawa ke alfahari da shi ya riƙa komawa lam a bakin magabata, shi ya sa ake cewa alƙali da alwala da farilla da lamiri, kuma duk ɗalibin da ya san wannan ƙa'ida yana iya mayar da kalmomin asalinsu. Amma idan ya ɗauki ƙa'idar ya dinga aiki da ita ido rufe, zai taɓa lam ɗin da ke cikin lafiya da lahira da ladabi, alhali su nasu lam ɗin daga wani wuri dabam ya fito. Inda hanya ta narkar da abubuwa biyu suka zama ɗaya, sanin ƙa'ida kaɗai ba ya raba su, sai an nemo shaida daga waje. Haka lamarin yake ga sigina: abin da hanya ta raunana ana iya ɗaga shi, amma abin da ya nutse ƙarƙashin hayaniya ya tafi, kuma duk madaidaicin da aka matsa wa ya fito da shi, ƙirƙira zai yi. Garin neman gira a rasa ido kenan, kuma a nan karin maganar ta faɗa daidai har da lafazinta.

A nan ne batun ya tashi daga fasaha ya koma na amana. Lissafin da ke cikin osiloskof ba shi da iyakar da guntun lantarki na gaske yake da ita, don haka mai gwajin da ke son kayansa su ci jarrabawa yana iya ƙara wa madaidaicin ƙarfi har ya buɗe idon da babu wata na'ura a kasuwa da za ta iya buɗewa, ya fitar da hoto mai kyau wanda ba ya wakiltar komai. Maganin da masu tsara ƙa'idoji suka samo shi ne su ƙayyade madaidaicin ma'auni tun kafin gwaji, su wallafa shi kowa ya sani. Ƙungiyar PCI-SIG mai tsara ƙa'idar PCIe, alal misali, ta yarda madaidaicin DFE na ma'auni ya waiwayi ƙwaya ɗaya ta baya a zubi na uku, biyu a na huɗu, uku a na biyar, ba don ba a iya ƙera wanda ya fi haka ba, sai don a auna kowa da mudu ɗaya. Haka kuma ba a yarda a ƙiyasta halin hanya daga son zuciya ba, ana auna ta ne dabam, ta hanyar tura mata saƙon da aka riga aka san shi a ga yadda ta sauya shi. Mai gwaji nagari kuma yana adana abin da na'urar ta kama ɗanye, ya rubuta saitin da ya yi amfani da shi, domin wani ya iya maimaita lissafin ko ya musanta shi.

Waɗannan sharuɗɗa uku, wato sanin hanya daga shaida mai zaman kanta, da ƙayyade iyakar gyara, da adana asali, su ne kusan abin da malaman hadisi suka tsaya a kai fiye da shekara dubu da suka wuce, ko da yake ta wata ƙofa suka shigo. Isnadi, wato jerin mutanen da suka miƙa wa juna magana, shi ne hanyar, kuma ilimin sanin maruwaita shi ne aunata. Masana irin su Yahya ɗan Ma'in, wanda ya rasu a shekara ta 233 bayan Hijira, sukan gwada ruwayoyin mutum da na abokan karatunsa da aka tabbatar da ƙarfin kiyayewarsu, su ga sau nawa ya dace da su, sau nawa ya saɓa, wanda shi ne tura sanannen saƙo don a gane halin hanya. Binciken nasu ya yi zurfin da ya wuce raba mutane gida biyu, amintacce da rarrauna. Sun lura cewa Isma'ila ɗan Ayyash abin dogaro ne idan ya ruwaito daga mutanen ƙasarsa ta Sham, amma yana rikicewa a ruwayar mutanen Hijaz, kamar layin da ke wuce wani sashe na sigina lafiya ya ci wani sashen. Sun kuma lura cewa hanya tana sauyawa da lokaci, shi ya sa suka ware babi ga maruwaitan da tunaninsu ya rikice a ƙarshen rayuwa, suka riƙa tambayar wa ya ji daga gare su kafin rikicewar, wa ya ji bayanta, kamar yadda aka yi da Abdullahi ɗan Lahi'a alƙalin Masar, wanda aka ruwaito cewa littattafansa sun ƙone.

Muhawarar da ta fi kusa da batun daidaitawa ita ce wadda suka yi a kan mai ruwayar da ya tarar da kuskuren nahawu ko na rubutu a cikin abin da ya karɓa daga malaminsa. Wasu magabata, ciki har da Ibn Sirin, sun ce ya faɗe shi yadda ya ji shi, da kuskurensa. Wasu kuma, irin su Auza'i da Ibn Mubarak, sun ce ya gyara, saboda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya yin tuntuɓen harshe, don haka kuskuren na hanya ne, kuma barinsa jingina masa abin da bai faɗa ba ne. Kowane ɓangare amana yake karewa, ɗaya amanar abin da ya iso, ɗaya amanar abin da aka aiko. Alƙali Iyal na Sabta, wanda ya rasu a 1149, wanda kuma Hausawa suka fi sani da littafinsa Ashafa da ake karantawa a watan azumi, ya yi gargaɗi a kan ƙarfin halin gyara, ya kawo misalin wani malamin Andalus mai faɗin ilimi, Abul Walid al-Waƙƙashi, wanda yawan saninsa ya sa shi saurin gyara littattafai, har wani lokaci ya ɓata abin da yake daidai saboda bai gane fuskarsa ba. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma abin tsoro a cikinsa shi ne gwani ne ya fi faɗawa ciki, don jahili ba ya da ƙarfin halin taɓa nassi. Matsayar da Ibn Salah, wanda ya rasu a 1245, ya fifita game da rubutu ita ce a bar kalmar yadda take a cikin littafi, a ɗora mata wata 'yar alama mai kama da kan harafin sadi, abin da ake kira tadbibi, don a nuna cewa haka aka karɓe ta amma akwai shakka, sannan a rubuta abin da ake ganin shi ne daidai a gefen shafi. Da wuya a sami tsarin da ya fi wannan adalci, domin ya ba masani damar faɗin ra'ayinsa ba tare da ya toshe wa na bayansa ƙofar saɓa masa ba.

Ƙasar Gana tana da nata rabon a wannan tarihi. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga sannan ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami waɗanda almajiransa suka yi ta kwafa da hannu suna yaɗawa a zangunan ƙasar, kuma kowane kwafi wata gaɓa ce ta hanya, da nata tsallaken layi da nata gyaran mai kyakkyawar niyya. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, da ƙoƙarin Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo, ta riƙa aro littattafai daga hannun malamai tana ɗaukar hotonsu ta mayar wa masu su. Darajar wannan aiki tana cikin abin da bai yi ba, wato bai gyara komai ba, ya kama kowane kwafi da tabonsa, ta yadda mai nazari zai iya jera kwafi uku ko huɗu ya gane inda hannun wani ya zame. Bugun da aka tsabtace aka jefar da kwafin da aka dogara da su, komai kyansa, ido ne da aka buɗe aka ɓoye saitin.

Akwai kuma iyakar da babu gyaran da ke ƙetarewa. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya durƙushe a Akra, hada-hadar kuɗi ta waya da aikin bankuna suka shiga tangal-tangal, kuma babu wani madaidaici da ya yi amfani a ranar, domin gurɓata dabam, yankewa dabam. Malaman hadisi sun sa haɗuwar isnadi a farkon sharuɗɗan inganci saboda wannan dalili, tunda ana iya auna raunin mutumin da aka sani, amma ba a iya auna giɓin da ba a san wanda ya faɗo daga cikinsa ba. Ko a inda hanya take a haɗe, abin da injiniya yake alkawari ba yaƙini ba ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada kuskure ya wuce ƙwaya ɗaya cikin tiriliyan, wanda a gudun biliyan 32 yake nufin an yarda da kuskure ɗaya kusan kowane rabin minti, sai wani mataki na sama ya gano shi ya nemi a sake aikowa. Osiloskof ma ba ta kama tiriliyan ɗin, miliyoyi take kamawa ta ƙiyasta sauran da lissafin yiwuwa. Masana usulul fiƙhu za su gane wannan matsayi nan take, domin shi ne abin da suke kira rinjayen zato, wanda mafi yawansu suka ce labarin mutum ɗaya amintacce yana samarwa, ya isa a yi aiki da shi ko da bai kai yaƙinin da labarin jama'a masu yawa daga jama'a masu yawa ke bayarwa ba. Wanda ya ce ba zai yi aiki ba sai da yaƙini, wayar da ke aljihunsa ta riga ta ƙaryata shi.

Sai dai kwatancen yana da inda yake tsayawa, kuma rashin lura da wurin yana haifar da kurakurai biyu. Na farko shi ne ɗaukar tsabtar isowa a matsayin gaskiyar magana. Buɗaɗɗen ido yana shaida ne kawai cewa abin da aka aiko shi ya iso, bai san ko mai aikowa maƙaryaci ba ne, kuma saƙon murya na ƙanzon kurege da ke yawo a WhatsApp yana isa Mamobi ba tare da ƙwaya ɗaya ta ɓata ba. A da, jita-jita takan zo da alamun tafiya a jikinta, mai ji ya yi hattara. Yanzu tana zuwa da muryar mai ita garau, har da hoto, shi ya sa umarnin bincika labari da ke cikin Suratul Hujurati ya rataya ne a kan halin wanda ya kawo shi, abin da babu na'urar da ke aunawa.

Kuskure na biyu ya shafi mutanen Zango kai tsaye, wato ɗaukar duk wani bambanci a matsayin lalacewa. Baƙon da ya zo daga Kano yakan ji Hausar Akra, wadda masana ke kira Gananci, ya lura cewa masu magana da yawa ba sa bambanta ƙ da k ko ɗ da d, kuma suna cewa ya zo ko da mace ake nufi, sai ya yanke cewa sigina ce da doguwar hanya ta cinye. Amma kalmar lalacewa ba ta da ma'ana sai akwai mai aikowa wanda nufinsa ne ma'auni, kuma yaron da aka haifa a Nima, wanda da wannan Hausa uwarsa ta yi masa rarrashi, shi kansa mai aikawa ne, abokin maganarsa kuma yana karɓar saƙonsa ba tare da kuskure ba. Daidaitacciyar Hausa da aka gina a kan karin Kano a ƙarni na 20 mudu ce da aka amince da ita don bugu da koyarwa, tana da amfaninta, amma yarjejeniya ce irin ta madaidaicin ma'auni. Mutumin Zango ya san wannan bambanci a aikace ko da bai tsara shi da kalmomi ba, domin shi ɗin da ba ya damuwa da ƙ a kasuwar Nima, shi ne yake zama gaban malamin tajwidi yana maimaita harafi ɗaya har sai ya fito daga mafitarsa, saboda a karatun Alƙur'ani akwai asalin da aka yi imani da shi, akwai kuma silsilar da aka karɓo shi ta cikinta baki da baki. Ko a can ɗin ma ilimin ƙira'a bai ɗauki kowane saɓani a matsayin ɓarnar hanya ba, tunda ruwayar Warshu da tsofaffin makarantun allo na Afirka ta Yamma suka ginu a kanta, da ruwayar Hafsu da ta yaɗu ta makarantun Islamiyya da bugun Masar da Madina, dukansu karɓaɓɓu ne, kuma malamin da ya ji ɗalibi ya karanta da ɗayarsu yakan fara tambayarsa a wurin wa ya ɗauko kafin ya ce masa ya sake.